Diyyar Hannun Ni'ima

"Tun yaushe ka sani?"

Mudathir ya sunkuyar da kai yana kallon tabarmar zauren. Ni'ima na tsaye a kansa, hannunta na dama rataye a wuya cikin ƙyalle.

"Ni'imata, ki zauna mu yi maga..."

"Kada ka ƙara ce mini Ni'imarka. Tambayarka na yi. Tun yaushe ka san ƙaninka Abdulbaqi ne ya kaɗe ni ya gudu?"

"Tun... tun ranar."

Duk wanda bai san Ni'ima ba a Ƙofar Dumi, to bai taɓa zuwa biki ba. Ita ce mai zanen lallen da amare ke rububi, har daga GRA, unguwar manya, ake aiko mota a ɗauke ta. Da hannun nan ta haɗa kayan ɗakinta, da shi take taimaka wa mahaifinta, Baba Ɗanlarai, tun da ido ya fara hana shi ɗinkin fata. Ana shirin ɗaura aurenta da Mudathir, ɗan Alhaji Hammajoda, wata baƙar mota ta kwashe ta da yamma tana tsallaka titi. Direban ko waiwaye bai yi ba. Wani mai Keke Napep ne ya kai ta asibiti. Ƙashi ya haɗe, amma yatsun sun ƙi lanƙwasuwa, likita ya ce sai an yi aikin jijiya.

A asibiti, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Allah ya tona asirin wanda ya yi miki wannan," ɗaki ya ɗauki amin. Mutum ɗaya ne bai taɓa amsawa ba, kuma shi ne Mudathir, wanda ya fi kowa zama a gefen gadonta. Ta lura, amma so ya rufe mata ido, ta ce taushin zuciya ne. Sai yau da ta gwada riƙe ledar lalle ta suɓuce mata, baƙin ciki ya sa ta yi wa direban Allah ya isa, ta dubi Mudathir ta ce ya ce amin. Bakinsa ya ƙi buɗuwa. Da ta matsa, sai ya fashe da kuka ya faɗi komai.

"Alhaji ne ya ce in rufa wa gida asiri," ya ce da muryar da ta dushe. "Yaron ko lasisi ba shi da shi. Ni na kai motar wajen mai gyara..."

"Wato kai ka wanke jinina daga jikin motar, sannan ka zo asibiti kana ɓare mini lemo."

"Wallahi ina sonki, rabin raina. Ban yi barcin kirki ba tun..."

"Ni ma ban yi ba, Malam Mudathir. Ni ciwo ne ya hana ni. Tashi ka fita daga gidanmu!"

Labari bai kwana ba ya isa kunnen Alhaji. Washegari bayan la'asar sai ga shi da ƙannensa biyu, manyan riguna na ƙamshin turare, suka cika ɗan zauren Baba Ɗanlarai. Babu Abdulbaqi a cikinsu. Ni'ima ta laɓe bayan labule tana sauraro.

"Malam Ɗanlarai, tsautsayi ne," in ji Alhaji. "Yaro ne ya firgita. Mun zo ba da haƙuri. Maganar aikin hannu kuwa, na ɗauka gaba ɗaya, a matsayin gudummawata ta biki. Ai 'yata ce."

Baba ya shiga gyara hula, kunya ta gama lulluɓe shi. Mutum ne da ko a kasuwa aka cuce shi sai ya yi godiya, balle yau ga babban mutum zaune a tabarmarsa.

"Haba Alhaji, ai an zama ɗaya. Ƙaddara ce. Mun yafe, duniya da lahira."

Haka mutanenmu suke. Manya su zauna, a ambaci ƙaddara, a shafa fatiha, mai ciwo kuma yana can ciki ba wanda ya leƙa ya tambaye shi. Har sun ɗaga hannu za su shafa, labule ya ɗage.

Ni'ima ta durƙusa ta gaishe su kamar yadda ya kamata, sannan ta ɗago.

"Baba, hannun wa aka yafe?"

Baba ya zaro ido. Budurwa ta buɗe baki a gaban surukinta tun kafin a kai ta, abin da Baba bai taɓa gani ba a zuri'arsu.

"Ni'ima, koma ciki."

"Zan koma, Baba. Amma ni aka bari a kwalta, kuma ni ban yafe ba." Ta juya ga Alhaji, idonta a ƙasa. "Ranka ya daɗe, ba gudummawa nake so ba. Diyyar hannuna nake so, a kira ta da sunanta. Kuma Abdulbaqi ya zo da ƙafarsa ya faɗi abin da ya yi."

"Yarinya, ai duk ɗaya ne," ɗaya daga cikin ƙannen ya ce. "Ba dai a gyara hannun ba?"

"Ba ɗaya ba ne, Baffa. In na karɓi kyauta, sai na durƙusa na yi godiya. Kowace Sallah in je gaisuwa, in riƙa gode wa gidan da ya nakasa ni."

Alhaji ya miƙe yana kaɗe riga, fuskarsa ta canza.

"Malam Ɗanlarai, ka ja wa 'yarka kunne. Ranar da ta kai ɗana ƙara, babu maganar aure. Kuma sai mu ga shaidar da za ta kawo."

Bayan fitarsu Baba ya yi faɗan da bai taɓa yi mata ba.

"Kin tozarta ni! Ina kika taɓa jin an kai suruki kotu? Da wane ido zan kalli mutanen unguwa?"

"Ni da wane hannu zan ci abinci, Baba? Kunyarsu ka ji, ba ka ji tausayina ba."

Maganar ta yi masa zafi, ita ma ta san ta yi. Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta sai da ka. Ta yi kuka a ɗaki har ta gode Allah, amma ba ta janye ba. Ta nemi Barista Rabi'atu, wata lauya da ta taɓa yi wa lallen aure, suka shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci. Gidan Alhaji suka aiko a kwashe lefe. Ni'ima da kanta ta riƙa tura akwatunan da ƙafa zuwa bakin ƙofa.

"Matsalar ita ce shaida," Barista ta gaya mata. "An gyara motar, mai Keke bai ga lamba ba. Ƙannen Alhaji ba za su yi magana ba, shaidar uba kuma ba a karɓarta a kan haƙƙin 'yarsa. Mutum ɗaya ya rage. Ki kira shi."

"Ba zan kira shi ba, Anti."

"To za mu iya faɗuwa."

"In faɗi. Ya san ranar, ya san hanyar kotun. Ba zan roƙi mutum ya faɗi gaskiya a kan jinina ba."

Ta faɗa da ƙarfi, amma Allah ya sani kewarsa na cin ta. Tana sonsa, tana kuma jin haushin kanta da take sonsa.

Ranar zama, ta fito za ta tafi, sai ta tarar da Baba a bakin ƙofa cikin rigarsa ta Juma'a.

"Baba..."

"Wuce mu je," ya ce bai kalle ta ba. "Na yi kyauta da abin da ba nawa ba. Wuce."

A kotu Abdulbaqi ya tsaya yana zufa, ya ce shi bai fita da mota ba ranar. Alƙali ya tambayi Ni'ima ko tana da shaida. Barista ta ce babu. Alƙali ya ce to babu abin da ya rage sai wanda ake ƙara ya rantse, magana ta ƙare. Aka umarci Abdulbaqi ya je ya yi alwala. Ni'ima ta ga shi kenan, haƙƙinta ya tafi.

"Allah ya gafarta Malam, akwai shaida."

Daga can baya muryar ta fito. Mudathir ne, ya rame har rigarsa na yi masa yawa.

"Mudathir, zauna," Alhaji ya ce a hankali, irin muryar da ba a musu da ita a gidansa.

"Ka gafarce ni, Alhaji. Na yi maka biyayya na cuci yarinyar nan. Ba zan kuma zauna ina kallo ƙanina ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba."

Ya faɗi yadda Abdulbaqi ya dawo gida a firgice, ya faɗi sunan mai gyaran, ya faɗi abin da shi kansa ya wanke. Bai kai ƙarshe ba Abdulbaqi ya durƙushe yana kuka.

"Ni ne... Wallahi ni ne. Tsoro na ji. Yaya Ni'ima, ki yi haƙuri."

Alƙali ya rubuta iƙirarin, ya ce diyya ta tabbata, za a yanke adadinta bayan an ji bayanin likita.

A waje, Alhaji ya wuce ta gaban Mudathir kamar bai taɓa haihuwarsa ba. Suka shiga mota suka tafi, suka bar shi tsaye a rana. Ni'ima ta gani, kuma abin ya taɓa ta, amma ba ta matsa ba. Shi ne ya tako a hankali. Baba ya yi gaba da gangan, wai zai nemo abin hawa.

"Ni'ima... ban zo don ki mayar da ni ba. Amma ina so in tambaya. Kin yafe mini?"

Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na zubo mata tana sharewa da hannun hagu.

"A'a. Yau ka faɗi gaskiya, na gode. Amma ka makara, Mudathir, kuma har yanzu zuciyata tafasa take in na kalle ka."

Ya gyaɗa kai, ya juya zai tafi.

"Ban gama ba," ta ce. "Jibi likitoci za su duba hannun kafin aiki. Ina jin tsoro."

Ya tsaya cak, bai iya waiwayowa ba.

"In za ka nemi yafiyata, sai ka sha wahala kafin ka same ta. Kada ka turo mini manya, kada ka turo kowa. Ka zo da kanka, in ma zagi ne ka zauna ka ji."

"Zan zo jibin," ya ce. "Ƙarfe nawa?"

"Ka tambayi Baba. Shi ma sai ya yarda ka shigo gidanmu."