Gawa a Bayan Katangar Haikali

Da hantsi aka kawo wa Insfekta Kandasami rahoto. An tsinci gawar namiji a bayan katangar haikalin da ake bauta wa Ubangiji Shiva, ƙarƙashin tsamiya.

Ya je ya duba. Mutum ne mai ƙiba, da zoben zinariya da agogo, ba a taɓa ko ɗaya ba. An fasa masa ƙeya. Likita ya ce tun jiya da rana ya mutu. Sunansa Velayudam, ɗan garin ne da ya yi arziki a birnin Chennai, ya kawo ziyara bayan shekaru masu yawa.

Dugadugansa a kurje suke. Insfekta ya bi sawun ja har wata 'yar ƙofa ta baya, ya tuɓe takalmi ya shiga zauren ginshiƙai. A gindin wani ginshiƙi an wanke dutse tas.

Ya sa aka kira Sivachari, babban mai hidimar haikalin.

"A nan ciki aka kashe shi."

"Haba Yallaɓai! Da rana haikali a rufe yake. Ba wanda ya mutu a nan."

"In an mutu a ciki, sai an tsayar da ibada an tsarkake wurin. Ɓarawo ba ruwansa da wannan. Wanda ya ja gawar nan waje mai tsoron Ubangiji ne. Cikin mutanenka wa ya yi fashin zuwa jiya?"

"Babu ko ɗaya," in ji Sivachari, yana kallon ƙasa.

A babbar ƙofa Insfekta ya tsaya gun Valliyammai mai sayar da furanni.

"Inna, me kika gani jiya?"

"Furanni na gani. Ka saya ko ka matsa, ka tare mini ciniki."

"To tashi, ki je ki sayar a caji ofis."

Ta harare shi. "Kai dai tun kana yawo da wando ɗaya bakinka ba daɗi. Jiya da yamma ganga kaɗai aka kaɗa wa Ubangiji. Tsoho Periyasami ya zo da algaitarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya. Tun ina budurwa ban taɓa ganin ya yi haka ba."

Insfekta ya sami Periyasami zaune a barandar gidansa, algaita a kan cinya. Dogo ne, busasshe. Bai miƙe ba.

"Baba, me ya hana ka shiga jiya?"

"Zazzaɓi."

"Zazzaɓin da ya bar ka ka taka har ƙofa? Me ke tsakaninka da Velayudam?"

"Ƙanena ne. A da."

"Kun haɗu?"

"Ban ma san ya zo ba."

Insfekta ya zauna a kan dakali, ya cire hula.

"Wanda aka yi wa mutuwa a gida ba ya shiga haikali sai kwanakin makoki sun cika. Ni ma haka na taso. Amma sai yau da hantsi aka ga gawar. Kai jiya wa ya gaya maka?"

Tsohon ya ɗago ya dube shi. Sannan ya ajiye algaitar.

"Velayudam ne ya sace mutum-mutumin Ubangiji na tagulla, ya sayar, ya rantse ya ga ɗana Kumaresan da shi. Irinku suka kama yaron suka yi masa dukan jaki. Da suka sako shi, ko gida bai zo ba. A tafkin haikali muka tsamo shi."

"Shekarun nan duk ka yi shiru?"

"Jira nake. Jiya ya zo da furanni a wuya, yana warin turare. Ya ce, 'Yaya, abin da ya wuce ya wuce, busa mini ko kaɗan.' Na ce ya dawo in an rufe. Da fitilar tagulla na busa masa a ƙeya."

"Ka yi nadama?"

"Ta ibadar yamma da na rasa."

Kofur ɗin da ya rako Insfekta ya matso da ankwa. Tsohon ya miƙa hannu da kansa, kansa a ɗage.

A bakin mota Insfekta ya ce, "Velayudam ba shi da ɗan da zai ƙona gawarsa bisa al'ada. Kai kaɗai ka rage masa. Zan iya kai ka ka kunna masa wutar ƙonewa."

Periyasami ya tofar da yawu.

"Ku ba karnuka gawar."