Babur Ɗin Da Ya Ƙi Tashi Da Asuba

An ce mamacin ne ya riƙe babur ɗin. Haka ake faɗa a bakin famfo, haka ake faɗa a zaman makoki: wai 'yan fashi sun kashe mai gyaran rediyo sun ƙwace babur ɗinsa, ranar da suka fita fashi da babur ɗin sai ya dawo ya dafe tayar baya. Har da wanda ya rantse ya ga likkafani a madubi.

Wanda ya mutu a kan babur ɗin Auta ne, ɗan ƙanwata. Tun daga ranar uwarsa ba ta da barci. Da asuba sai ta zabura ta ce, "Yaya, kin ji? Yana buga kik ɗin babur. Mutumin bai sake shi ba."

Ni kuwa na tsufa ina koyar da kimiyya, ban taɓa ganin fatalwar da ta san kan inji ba. Na yafa mayafi na fita bin diddigi. Rabin abin da zan faɗa daga bakin Sifana na ji shi, a gidan yari.

Su uku ne: Oga, da Auta, da Sifana bakanikensu, wanda ya koya wa Auta hawan babur. Da rana tsaka suka haɗu a bayan gareji, ƙarfe ko'ina ya ɗau zafi.

"Oga, wannan ne na ƙarshe," in ji Auta. "Tsohuwa ta fara gane ni."

"Ka ji ɗan Mama!" Oga ya kece da dariya. "Ba case, ba komai. Sifana, ba shi tsohon babur ɗin nan na mai rediyo, ya fi wuta."

Auta ya hau. Kik ɗaya, babur ya ɗauka!

"Ka gani? Lafiya lau," in ji Sifana, idonsa a ƙasa.

Da Auta ya shiga wanka, Oga ya ja Sifana gefe. Sun jima.

Washegari da asuba, sanyi har cikin ƙashi, Sifana ya miƙa wa Auta babur ɗin injinsa na aiki. Suka je suka tsaya a bakin layin wani mai sayar da gwal.

"Kashe injin," Sifana ya raɗa wa Auta. "Ƙara za ta tashe su."

Suka laɓe. Suka yi ta jira, har injin ya huce kamar randa. Can sai ƙofa ta buɗe.

"Kowa ya kwanta! Alhaji, makulli!"

"Ku ɗauka, ku ɗauka, ku bar mini yara!"

Ba su san uwargidan ta kulle kanta a banɗaki da waya ba. Suna cika jaka sai jiniya!

"Asiri ya tonu! A ware!" in ji Oga.

Oga da Sifana suka haye sabon babur. Maɓalli ɗaya, sun ɓace. Auta ya buga kik. Shiru. Ya sake. Injin ya yi tari, ya mutu. Ya ja cok, ya ji shi sakwaf a yatsa. Ya buga, ya buga. Ya kama! Ya murɗa totur, ya shaƙe, ya mutu.

"Oga! Ku tsaya mana! Sifana!"

Fitilar motar 'yan sanda ta cika layin.

"Ajiye bindiga! Ajiye!"

Bindigar na rataye a kafaɗarsa. Ya kai hannu zai cire ta. Ba su jira ba, suka buɗe wuta.

Motar ta tsaya wurin gawarsa, sauran biyun suka samu hanya. Ba a jima ba Oga ya gudu da jakar, ya bar Sifana a shingen 'yan sanda.

Da aka gama shari'a aka mayar wa matar mai rediyo babur ɗin. Na same shi a zaurenta lulluɓe da buhu, yaranta ba sa bi ta kusa da shi.

"Gwaggo, kullum haka yake da sanyi," ta ce. "Marigayi sai ya ja cok, ya bar shi yana ɗumi har ya gama shan shayi. Amma in an ja cok, ai yana tashi. Shi ya sa nake tsoro."

Na kira bakaniken layinmu. Da rana, kik ɗaya. Na ce mu dawo da asuba.

Muka dawo. Ya buga. Tari, shiru. Tari, shiru. Ainihin ƙarar da ƙanwata ke kwatantawa ce. Matar ta toshe kunne tana salati.

"A kwance shi," na ce.

Ya cire fulogi, lafiyarsa ƙalau. Ya sauke kafireta, ya ɗaga ƙaramin jet, ɗan bututun da mai ke bi, ga fitila, haske bai ratsa ba. Ya bi wayar cok da yatsa har ƙarƙashin tanki, sai ya tsaya. Ya miƙo mini bakinta. Ba tsatsa, ba zare-zare. Yanka ɗaya, sumul.

Wayar na kai wa Sifana a tafin hannuna. Ya daɗe yana kallonta.

"Gwaggo, ni ma ina jin kik ɗin nan kullum asuba," ya ce.

Na koma gida na zauna a bakin gadon ƙanwata.

Mai rediyo yana kabarinsa. Ƙaramin jet ya toshe da datti, injin ba ya tashi da sanyi sai da cok. An datse wayar cok da filaya tun jajibirin fashin. Wanda ya datse ta shi ne ya koya wa Auta hawan babur.