Rana A Kan Ƙanƙara

Sufeto Meshari bai gama kurɓar shayinsa ba aka turo ƙofar ofis. Wani dattijo ne ya shigo yana huci, sanye da farar jallabiya. Fuskarsa ta sa Kofur Hussaini ya dafe baki. Hancin mutumin da kumatunsa sun yi baƙi ƙirin suna saɓa, amma kewayen idanunsa ya yi haske, kamar an zana masa tabarau.

"Sunana Abdulghani, daga unguwar Ruwais, nan Jidda. An yi mini sata. Na san ɓarauniyar, ku zo ku ɗauke ta, halas, magana ta ƙare."

"Zauna, Alhaji," in ji Sufeto. "Gobara aka yi a gidan?"

"Wace gobara? Hutu muka je Suwizalan, kan duwatsu, wasan zamiya a ƙanƙara. 'Yata Joud ce ta matsa. Jiya muka dawo, muka tarar an kwashe gwal ɗin da za ta sa ranar aurenta. Na kakarta ne. Barakatu mai aikinmu kaɗai muka bari a gidan. Ni ne kafilinta, da sunana take zaune a ƙasar nan, yau ɗin nan nake so a kai ta tarhil."

Sufeto ya ajiye kofin. Ya san abin da tarhil ke nufi ga mai aiki: jirgi, a fitar da ita daga ƙasar, ba dawowa.

"Ba ni zuwa la'asar, Alhaji. Yalla, Kofur, mu je."

A gidan, Sufeto ya durƙusa gaban akwatin ƙarfen da ke ɗakin Hajiya Mastura, matar Alhaji. Ba a fasa ba, ba a ko ƙwarzane shi ba. Da mabuɗi aka buɗe.

Barakatu tana zaune a ƙasa a ɗakin girki, ta haɗa kai da gwiwa. 'Yar Hausawan Sudan ce, ta haura hamsin.

"Khala Barakatu, kin fita daga gidan nan bayan sun tafi?"

"Ko ƙofa ban leƙa ba, ranka ya daɗe."

"Ko ƙofa?" Ya nuna wata leda a kan tagar. "Wannan maganin tarin yara ne, daga kantin magani na unguwar Waziriyya. Da ƙafarsa ya zo?"

Ta fashe da kuka. "'Ya'yana suna can wajen ƙanwata. Ƙaramar ba ta da lafiya. Alhaji ya ce kada in fita, amma ranar Juma'a na je. Wallahi idan aka kore ni, ban san wanda zai riƙe su ba. A nan aka haife su."

"Da kika dawo, me kika gani?"

Ta share hawaye, ta yi tunani. "Butar shayi da ɗumi. Da kofi ɗaya an wanke, an kife a wurin da Hajiya babba, mahaifiyar Hajiya, take ajiye nata kafin ta rasu. Na ɗauka ni ce na manta."

Da suka fito, Kofur ya rage murya. "Ta yi ƙarya, yallaɓai."

"Ta yi, don 'ya'yanta. Amma ka taɓa ganin ɓarawon da ya shiga gidan mutane ya dafa shayi, ya wanke kofi? Wannan ɗan gida ne."

A falo, Hajiya Mastura, cikin niƙabinta, ta rantse mabuɗan akwatin biyu ne kawai, nata da na Alhaji. Joud na gefenta, ita ma da irin tambarin ubanta a fuska.

"Na mahaifiyarki fa?" Sufeto ya tambaya. "A nan ta zauna, gwal ɗinta ne. Ba ta da mabuɗi?"

Hajiya ta kawar da kai. "Yana wajen ƙanena Mohannad. Shi ya yi jinyarta. Amma kada ma ka ɓata lokacinka, shi ma yana Suwizalan. Wuri ɗaya muka je, shi da abokansa."

"Kun haɗu?"

"Ina!" Joud ta karɓe. "Ya Sufeto, ba ka san girman wurin ba. Dutse bayan dutse, ƙauyuka a tsakani, sai ka hau talafarik, irin motar nan mai rataye a waya, ka sauka ka hau wata. Duk sanda na kira Khali Mohannad sai ya ce yana ɗaya ɓangaren. Ga hotunan da ya turo."

Ta miƙa masa waya. Saurayi ne cikin jar rigar sanyi, da ƙaton tabarau mai sheƙi kamar madubi, ƙanƙara fari fat a bayansa. Sufeto ya ja hoton da yatsu biyu har tabarau ɗin ya cika fuskar wayar. Ya daɗe yana kallo.

"Joud, me ya ƙona miki fuska?"

Ta yi dariya duk da damuwarta. "Rana! Wa zai yarda? Mun bar man shafawa a gida, Baba ya ce wa ke tsoron rana a ƙasar sanyi, mu 'yan Jidda. Ashe ta can daga sama take dukanka, ƙanƙara ta maido maka da ita daga ƙasa. Tun da muka je ko gajimare ba mu gani ba."

"Turo mini hoton nan."

Shagon Mohannad na gyaran waya yana wani lungu a Ammariyya. Ya rataye jar rigar a bayan kujerarsa inda kowa zai gani. Ya tarbe su da fara'a.

"Ahlan, ahlan! Kan maganar Barakatu ce? Miskina. Amma na daɗe ina gaya wa Yaya kada ta yarda da ita."

"An ce ka sha hutu," in ji Sufeto, yana zama. "Ni ban taɓa wuce Ɗa'if ba. Yaya wurin yake?"

"Wallah, ya akhi, aljannar duniya. Sanyi kamar zai tsinke maka kunne."

"Rana fa?"

Mohannad ya tuntsire da dariya. "Rana? A ƙanƙara? Da akwai rana ai da ta narke. Ko sau ɗaya ban gan ta ba."

Sufeto ya dubi fuskarsa. Sumul, ko tabo babu.

"Mabuɗin mahaifiyarka yana ina?"

"Ya ɓace tun bara."

"To. Ɗauko rigarka da tabarau ɗinka, Alhaji yana son ganinka."

"Yanzu? Ina da masu jira."

"Za su jira," in ji Kofur, ya riga ya tsaya a bakin ƙofa.

Ana kiran la'asar suka shiga falon Alhaji. Sufeto ya sa aka kira Barakatu, ta rakuɓe a jikin bango.

"Alhaji, tsaya nan. Joud, nan. Mohannad, shiga tsakiyarsu."

Suka jeru. Fuskoki biyu ƙonannu, ɗaya a tsakiya tana sheƙi.

"Dutse ɗaya, mako ɗaya," in ji Sufeto. "Mohannad, maimaita abin da ka gaya mini kan rana."

"Ɓangaren da nake... akwai hazo."

"Ƙarya ne, Khali," in ji Joud a hankali. "Daga saman dutsen ana hango ko'ina. Babu hazo."

Sufeto ya ɗaga wayarsa, ya nuna wa Hajiya Mastura hoton da aka ja. "Dubi cikin tabarau ɗin, Hajiya. Me kika gani?"

Ta matso da ido. "Fitilu... a jere. Da rufin ƙarfe."

"Dutsen Suwizalan yana da rufi? Wannan ɗakin ƙanƙarar wasan yara ne, na cikin babban kanti a nan Jidda. Na kai 'ya'yana can da Sallah. Yanzu, Mohannad, zan iya tambayar Jawazat, ofishin shige da fice, ko fasfonka ya fita ƙasar nan. Ko ka hutar da ni?"

Mohannad ya zube a kan kujera.

"Ban je ba," ya ce. "Na shirya ne don kada a zarge ni. Na san Barakatu ba ta iya Juma'a ba tare da ta ga 'ya'yanta ba."

"Har shayi ka dafa, ka kife kofin a wurin na mahaifiyarka. Gwal ɗin fa?"

"Yana gidan su Arwa, wadda zan aura. Na kai a matsayin shabka, gwal ɗin baiko. Iyayenta suna raina ni, suna cewa mai gyaran waya me zai kawo." Ya ɗago, idanunsa jajur, ya dubi yayarsa. "Ni na yi jinyar Umma, Yaya. Ni na ɗauke ta, na ajiye ta. Amma ko zobe ba ta bar mini ba."

"Da ka tambaye ni," in ji Hajiya Mastura. "Wallahi da ka tambaye ni. Sai ka zauna ka sha shayi a kofin Umma, ka bar baiwar Allah ta tafi tarhil?"

Kofur ya sa masa ankwa.

Alhaji Abdulghani ya juya wajen Barakatu, ya kasa haɗa ido da ita. "Ki yafe mini. Na zalunce ki."

"Allah ya yafe mana duka, Alhaji." Ta gyara mayafinta. "Amma daga yau, Juma'a tawa ce."

"Taki ce. Halas."

Suka fito da Mohannad. Ranar Jidda ta dake shi a fuska, ya runtse ido, ya sunkuyar da kai. Sufeto Meshari ya buɗe ƙofar mota, ya waiwaya.

"Kofur, saka masa tabarau ɗinsa. Yau dai ya ga rana."