Kukan Motar Yaya

Bakaniken ya san motar ba tasa ba ce. Ta marigayi yayansa ce, kuma da safe zai miƙa ta ga dillali a ɓoye, alhali ya ce wa matar yayan da marayunta injin ya buga, ko kyauta ba mai so.

Sai dai da ya taka totur, sai ta saki wani siririn kuka. Ya sauya fambel, ya duba boris, ya ƙara man giya, duk a banza. Dare ya raba yana gareji shi kaɗai.

"Sannu da aiki. Shiga ka taka, in saurara maka."

Wani dogon mutum ne tsaye gaban motar. Fitila na haska shi, amma babu inuwarsa a bango. Bakaniken ya shiga, ya taka kaɗan. Injin sumul. Bakin mutumin ne ya wangale, kukan daga nan yake fitowa. Bakaniken ya ɗaga ƙafa daga totur, bakin ya rufe.

Mutumin ya sunkuyo ta taga, numfashinsa sanyi ƙalau.

"Auta," ya ce a hankali, "me ka ce wa yarana?"