Gadon Da Ke Kan Bango

"Ba zan ba shi ba!"

Baba ya jefa wayar kan tabarma kamar ta ƙone shi. Ko wanka bai yi ba tun da ya dawo daga wurin gini, busasshen siminti har gwiwar hannunsa.

"Baba, don Allah ka saurare ni..."

"Na saurara, Auta! Waƙa tara, kaf sai da na ji su. Kafintan da muke aiki tare ne ya miƙo mini wayarsa yana dariya, wai in ga surukina. A gaban leburori!"

Auta ta saci kallon wayar. Hoton yana nan a fuskarta, hoton da ke fitowa duk lokacin da aka kunna waƙoƙin Dogo, mawaƙin da take so kamar ranta. Ga shi a kishingiɗe kan jar katifa, da baƙin tabarau, gaban riga a buɗe, sarƙar aro a wuya. A saman kansa an rubuta sunan faifan da ruwan zinare: GADO.

"Shekara talatin ina gini," in ji Baba. "Daga bango nake sanin mai gida. Wannan hoton ai ku ma bango kuke ce masa, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Baba. Bangon faifai."

"To bangon ya gaya mini abin da ke cikin ɗakin. Mutum ya rasa sunan da zai sa wa waƙarsa sai gadon kwanciya? Yana cewa na tuna ɗumin hannunki, na tuna numfashinki! Kuma har da wannan ƙarar da ke ƙarƙashin kiɗan, ƙiƙi-ƙaƙa, ƙiƙi-ƙaƙa..." Ya kau da kai, kunya ta hana shi ƙarasawa. "Ɗa mai tarbiyya ba ya sa wannan a waƙa. Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi jiki a sanyaye. Abin da ke ranta ya fi faɗan Baba nauyi, domin ita ce ta yi hoton nan da hannunta, kuma babu wanda ya sani a gidan.

Bara ne abin ya faru. Tana aikin zane a shagon Oga, inda ake yi wa mawaƙa bangon faifai da fosta. Oga ya turo mata hoto da kalma ɗaya, ya ce awa biyu ya ba ta.

"Oga, ba zan ji waƙoƙin ba tukuna?"

"Kunne kike zane da shi? Katifa, tabarau, ruwan zinare. Haka ake yi!"

Haka ake yi. Kalmomi uku da suka binne basirar mutane da yawa da ransu. Ita ma Auta, da duk karatunta, ta ce to. Ta ƙara wa katifar ja, ta sa wa harufan ƙyalli, ta tura, ta ci abincin ranarta.

Bayan sati biyu dogon saurayin da ke cikin hoton ya shigo shagon, ya tsaya a kanta yana murza hularsa.

"Ke ce mai zanen?"

"Ni ce. Bai yi ba ne?"

"Ya yi kyau... sai dai ba gadon da nake nufi ba ke nan." Ya ja bakin kalmar a hankali. "Gaa-do. Abin da mamaci ya bar wa na baya."

A baki kalmomin biyu ba sa haɗuwa, ko yaro ya san bambancinsu. Amma a rubuce harufa huɗu ne iri ɗaya, hoton da ke gefe shi ke gaya wa ido wanda zai karanta. Ranar ta koma gida ta kunna faifan, ta rufe wayar da littafi don kada ta ga aikin hannunta. Kafin waƙa ta uku ta ƙare, hawaye ya jiƙa mata mayafi. Daga ba da haƙuri aka koma gaisuwa, daga gaisuwa zuciya ta yi abin da ta saba.

Washegarin faɗan Baba, da hantsi, ta sami Dogo a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa mai rasuwa. Ɗakin yana nan yadda ta bar shi, ga gwangwanin maɓallai a taga, ga keken ɗinkinta a lulluɓe da tsohon zane.

"Hasken idona, me ya sami fuskarki?"

"Baba ya ga bangon."

Dogo ya zauna a bakin ƙofa. "Shi ke nan. Na san ranar nan za ta zo."

"Shi ke nan? Iyakar abin da za ka ce ke nan?"

"To me zan ce, Auta? Ke kika zana!"

"Kai kuma ka kwanta! Ɗaure ka aka yi a kan katifar?"

Dariya ta so kuɓuce masa, ta maƙale a hanya.

"Oga ya ce in kishingiɗa, ya ce duk mawaƙa haka suke yi. Ni a lokacin in dai faifan zai fito, ko a kan rufi aka ce in hau zan hau."

"To ga shi ya fito. Ka san abin da Baba ya ɗauki ƙarar keken nan?"

Ta faɗa masa, kanta a ƙasa. Sannan ya miƙe ya yaye zanen, ya dafa kan keken kamar mai dafa kafaɗar mutum.

"Sati ɗaya kafin ta kwanta ciwo na ɗauki ƙararsa," ya ce. "Tana ɗinka mini riga tana 'yar waƙarta. Shi na shimfiɗa a ƙarƙashin kowace waƙa, don in ji tana nan. Kin san ranar nan na wuce ta wajen masu wankin mota, sun ƙure waƙar da na yi mata, suna ƙifta wa juna ido suna shewa? Har ɗaya ya ɗaga mini hannu, wai mai gado, ka iya shege!" Muryarsa ta karye. "Na ɗaga masa hannu ni ma, Auta. Na yi murmushi."

"Me ya sa?"

"Saboda suna saurare. Kafin hoton nan wa ya san ni?"

"Ba kai suke saurare ba, masoyi, hotona suke saurare! Ido ne ke shiga gaba, kunne ya bi sawunsa kamar raƙumi da akala. Na ba su katifa, suka ji katifa. Shekara guda muna kallon ana yi wa Inna wannan, kai ka yi shiru don suna, ni na yi shiru don kunya. Ya isa!"

"In aka sauke shi, rabin masu ji za su watse."

"Su watse. Rabin da suka rage su ji gaskiya."

"Oga kuma ba zai sake ba ki aiki ba."

"Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya dube ta, idonsa ya kaɗa. "Ke dai ba kya jin magana."

"Matsa mini daga haske."

Ta durƙusa da kyamararta tana neman abin ɗauka. Ta ɗauki kan keken, bai yi mata ba. Ta ɗauki allura da zare, shi ma ya yi kama da tallar tela. Can idonta ya sauka ƙasa, kan matakin da ake takawa. Baƙin fentinsa ya goge a wuri biyu, ƙarfen ya yi fari yana sheƙi, daidai siffar tafin ƙafa biyu, na dama ya fi zurfi.

"Dogo... zo ka gani."

Ya sunkuya. Ya kai yatsa ya shafa wurin.

"Shekara ashirin da biyu," ya ce a hankali. "Da waɗannan ƙafafun na yi makaranta."

Ba ta sa ruwan zinare ba. Ba ta sa fuskarsa ba. Sawun ƙafa biyu a kan baƙin ƙarfe, da kalmar a ƙasa da ƙananan harufa farare, shi ke nan.

Oga da ya gani sai da ya cire tabarau.

"Wannan bangon faifai ne ko katin ta'aziyya? Wa zai danna wannan?"

"Wanda yake son jin abin da ke ciki."

"Yarinya, tun kina rarrafe nake wannan sana'ar. Haka ake yi!"

"Na sani, Oga. Shi ya sa duk mawaƙanka fuska ɗaya gare su."

Ta ajiye masa makullin tebur ta fita. Waƙoƙin mallakar Dogo ne, don haka kafin kwana uku ya sauke tsohon hoton ko'ina, ya ɗora sabon.

Da la'asar ta sami Baba a tsakar gida yana kankare cokalin gininsa. Dogo na tsaye a waje, ya kasa zama a bencin ƙofa. Ta durƙusa, ta ajiye hoton a gaban Baba, wanda ta buga a takarda mai kauri.

"Mene ne wannan?"

"Bangon faifan ne, Baba. Na gaskiyar."

Ya dube shi sama-sama. "An yi wa tsagaggen bango fenti ke nan. Mu ma muna ganin masu yin haka in za su sayar da gida."

"Waƙa ɗaya kawai, Baba. In ka ce a'a bayanta, wallahi ba zan sake ta da maganar ba."

Ya ci gaba da kankare cokalinsa. Ta kunna. Ƙarar nan ta fara ita kaɗai kafin kiɗa ya shigo, ƙiƙi-ƙaƙa, ƙiƙi-ƙaƙa. Baba ya haɗe rai, ya fara neman takalminsa.

Sai ga muryar Umma daga ɗakin girki, ita da ba ta taɓa ganin tsohon hoton ba, ba ta kuma taɓa jin faifan ba.

"Auta! Wa ya kawo keken ɗinki gidan nan? Ki ce wa mai shi ya ɗiga masa mai, ƙafar tana kuka!"

Baba ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

Ya dubi ƙofar ɗakin girkin. Ya dubi takardar. A hankali ya ɗauke ta, ya matso da ita kusa da ido, ya ga sawun ƙafar nan biyu. Muryar Dogo ta shigo, na tuna ɗumin hannunki a goshina, ranar da zazzaɓi ya kayar da ni. Kalmomin da ya ji ranar nan ne a wurin gini, babu wadda aka canza. Amma yau da ya ji su, sai ya ajiye takalmin.

Har waƙar ta ƙare bai ɗago ba. Shi ma tun yana saurayi ya rasa tasa uwar.

"Mahaifiyarsa yake nufi?"

"Ita ce, Baba. Ta rasu shekara biyu ke nan. Kekenta ne."

"Allah ya jiƙanta." Ya share fuska da bayan hannu, sannan ransa ya sake ɓaci, amma ta wani gefen. "To wane marar tsoron Allah ne ya ɗauki kukan maraya ya kwantar da shi a kan jar katifa?"

Tana iya cewa Oga ne, kuma ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya.

"Ni ce, Baba."

"Ke?"

"Ni na zana. Ban saurara ba na zana. An ce haka ake yi, na ce to."

Hawaye ya zubo mata. Umma ta leƙo da ludayi a hannu, ta ga fuskokinsu, ta koma.

Baba ya daɗe yana juya cokalin ginin.

"Kin ɗora bulo ba ki ja igiya ba," ya ce a ƙarshe. "Da yarona ne a wurin aiki, da na sa ya rushe da hannunsa."

"Na rushe, Baba. An sauke shi ko'ina. Aikin ma na bari."

"Uhm." Ya yi ajiyar zuciya. "Ni ma ai da nawa. Waƙa tara na ji, amma idona na bari ya ji mini. Shi dogon banzan yana ina?"

"Yana waje..."

"Tun ɗazu? Kira shi!"

Dogo ya shigo ya zube a gefen tabarma.

"Kai ne ka kwanta a katifar?"

"Ni ne, Baba. Na tuba."

"Sarƙar fa?"

"Ta aro ce, Baba."

"Na ga alama, ta fi ƙarfin wuyanka." Auta ta toshe baki, dariya da kuka suka haɗe mata. "Keken yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Kada ka kuskura ka sayar. Kuma kada ka ji ta Ummanku, kada ka sa masa mai. Bar shi da kukansa." Ya ajiye cokalin ginin. "Ka ce wa manyanka ina gida ranar Asabar."

Dogo ya kifa kai a ƙasa, kafaɗunsa na girgiza. Auta ta miƙa hannu za ta ɗauki takardar, Baba ya janye ta.

"Wannan tawa ce. Gobe zan kai wa kafinta, ya koyi karatu."

Ya riƙe ta nesa da ido yadda yake duba bango in ya gama, ya sa babban yatsa a ƙarƙashin harufan nan huɗu, ya karanta a hankali yana jan bakin kalmar.

"Gaa-do."