Lefe a Kan Ruwa

Na riƙe hannun jakarsa gam a ƙofar gidan kwanan ɗaliban jinya da ke Lewisham a Landan, ruwan sama yana dukanmu, ko a jikina Turawan da ke kallo.

"Uwaisu, don girman Allah kada ka tafi. Jarrabawarka fa ta ƙarato..."

"Shafa'atu, ana sake jarrabawa. Baba fa?"



Babana ne kaɗai a duk danginmu na Zariya ya yarda in auri Uwaisu, ga shi yana kwance ciwon zuciya ya ci ƙarfinsa. Sauran kuwa, ƙanwarsa Gwaggo Dela ce shugabarsu. Wai ina 'yar gidan malamai ina ɗan mahauta, ko da a Woolwich yake karatun injiniya. Da Baba ya tsaya kai da fata sai ta sauya salo, ta ce ba za a sa rana ba sai mata sun ga lefe da idonsu, an ɗaga kowane zane an duba, kamar yadda aka yi wa kowace 'ya a gidan. Baba bai iya musa wannan ba.

Uwaisu ba shi da uwa ko yaya a Landan da za ta haɗa masa kaya, sai muka shiga kantunan titin Rye Lane tare, ni amarya ina zaɓar lefena da kaina, abin kunya abin dariya. Muka dace da wani kanti yana clearance, ya karya farashin kaya zai rufe. Leshi, takalma, jakunkuna, turare, muka cika akwatuna. Sun yi wa jirgin sama nauyi, muka sa su a na ruwa.

Ashe shekarar ce, 1975, da jiragen siminti suka toshe tashar Legas, kowane jirgi ya yi ta jira a kan teku wata da watanni.

Gwaggo ta ce kada mu damu, ai ɗanta Haliru aikinsa ke nan a Apapa, fito da kaya daga hannun kwastan. Yaya Halirun da ya taɓa neman aurena na ce masa a'a! Amma ɗan'uwa ne, in muka ba bare an ce mun raina dangi. Muka miƙa masa komai.

Duk sanda muka samu layin Legas amsarsa ɗaya ce, yana yi yana dariya, wai saura clearance, wato izinin kwastan na fitar da kaya. Wallahi har yau ba na son jin kalmar nan.

Shi ya sa Uwaisu ya ɗauki jaka zai tafi Legas da kansa. Ya ɓamɓare yatsuna daga hannunta a hankali, ya ce, "Rabin raina, in kai akwatunan gaban Baba kawai, in dawo."

Ya hau bas, ya tafi.

Makonni suka wuce shiru. Ina aiki ina kuskure, sistar da ke shugabantarmu tana ta yi mini faɗa. Wata ranar Asabar da hantsi aka ƙwala mini kira, wai ana nemana a wayar da ke zaure. Muryarsa ce, can nesa, kamar daga cikin rijiya.

Ya ce jirginmu ya daɗe da sauke kaya. Akwatunan suna jibge a sito ɗin Haliru tun kafin azumi, kwastan sun sake su tuntuni. Sai da ya kai ƙara wurin sarkin Hausawan unguwar aka ba shi. Ya yi hayar mota, bai tsaya ko'ina ba sai Zariya.

"To Baba ya gani? Me ya ce?"

Na ƙara manna wayar a kunnena.

"Uwaisu..."

"Na tarar da tabarmi a ƙofar gida, Shafa. Ana zaman makoki."

Na zame na zauna a ƙasa, wayar tana lilo a saman kaina.

Sauran labarin a hankali ya riƙa iso ni. Ƙanen Baba, Baffa Lawal, shi ya zama waliyyina, shi kuwa ba ya tsallake maganar Gwaggo. Ko buɗe akwatunan ba a yi ba, aka ce ya kwashe kayansa, ba a kawo lefe gidan mutuwa. Da aka share makoki Uwaisu ya koma, Baffa ya ce alkawarin na mamaci ne, shi bai ɗauka ba. Gwamnati ta yanke wa Uwaisu tallafin karatu tunda bai zauna jarrabawa ba. Ya nemi izinin dawowa Ingila, ofishin jakadancinsu na Kaduna ya hana shi, wai shi ba ɗalibi ba ne yanzu.

A wayarmu ta ƙarshe na ce zan jefar da karatun in taho, mu sami limamin da zai ɗaura mana, kowa ya yi ta fushinsa.

Ya tambaye ni a gidan wa Innata take zaune yanzu.

A gidan Baffa take, ita da ƙannena. Shi ke ciyar da su.

"Kin gani ko? Ba zan sa a kori uwarki a kan titi saboda ni ba. Ki gama karatunki, masoyiyata. Ki yafe mini."

Na yi kuka, na zage shi, na ce matsoraci ne, alhali na san ba shi da tsoro ko kaɗan. Bai rama ba. Yana ta kiran sunana har layin ya yanke.

Washegari na koma bakin aiki. Akwai wata tsohuwar Baturiya da nake yi wa wanka, ta daɗe a gadon kusa da taga. Ta kama hannuna, ta ce yaushe ne bikin nan, ita fa tana so ta ga hoton amarya kafin ta mutu.

Na matse tsumman, na ci gaba da goge mata baya.

Na ce mata saura kaɗan.