Ranar da Rubutu Ya Ɓace a Kwamfuta

Asibi tana aji shida lokacin da aka kawo kwamfuta makarantarsu a Kafanchan. Guda ɗaya ce tak. Wani tsohon ɗalibi da ke aiki a Legas ne ya aiko da ita. Aka ajiye ta a ofishin malamai.

Malama Roseline ce mai kula da ita, don ita ce ta yi ɗan kwas a Kaduna. Duk ranar da aka kawo wuta, sai ta shigo da yara biyu-biyu, kowa ya buga sunansa.

"Haruffa kawai za ku taɓa," in ji ta. "Kun ji ko?"

"Mun ji, Malama!"

Wata Alhamis layi ya zo kan Asibi da ƙawarta Khairat. Asibi ce ta fara zama. Ta buga sunanta da yatsa ɗaya, fararen haruffa suka fito a kan baƙin gilashi. Sai aka ji kuka a waje. Wani yaro ne ya faɗi a filin wasa.

"Khairat, ɗebo mini ruwa a rijiya," in ji Malama, ta fita da sauri.

Asibi ta rage ita kaɗai. Rana tana shigowa ta taga, sunan ba ya fita yadda take so. Ta leƙa ƙarƙashin gilashin, ta ga wani ɗan murfi. Ta buɗe. Ga abin murɗawa guda biyu, irin na rediyon babanta.

"Bari in ƙara wa sunana haske," ta ce a ranta.

Ta murɗa na farko. Baƙin ya koma ruwan toka. Ta tsorata, ta murɗa na biyu ko zai gyaru. Sai haruffan suka dushe, suka dushe, har suka ɓace. Gilashin duka ya zama kamar tokar murhu.

Asibi ta miƙe da sauri. Ta rufe murfin, ta sulale ta shiga cikin yaran da ke filin wasa.

Da Khairat ta kai ruwa, sai ta dawo ofis ta zauna tana jiran layinta. A kan kujerar nan Malama ta dawo ta same ta.

"Me kika taɓa?"

"Wallahi ban taɓa komai ba, Malama. Haka na tarar da ita."

Malama ta kashe, ta kunna. Toka dai. Ta duba wayoyi. Toka dai. Hedimasta, Malam Gregory, ya shigo yana share gumi.

"Shi ke nan, ta ƙone," ya ce. "Sai an kai ta Jos. Ba sauran darasin kwamfuta. Ke kuma Khairat, gobe ki zo da babanki."

Asibi tana bakin taga, tana jin komai. Ta ga Khairat tana share hawaye da hijabinta. Amma ta juya ta kama hanyar gida.

A gida ta tarar da Mama tana yanka citta a tsakar gida. Mama ta zuba mata faten acca, amma ko cokali biyu ba ta sha ba.

"Asibi, jikinki ne?"

"A'a, Mama."

"To, me ke cin ki?"

Sai kuka ya ƙwace mata. Ta faɗi komai, tun daga murfin har zuwa hawayen Khairat.

Mama ta ajiye wuƙa. "Taɓa abin da aka hana ki, wannan ƙarami ne," in ji ta. "Amma ki bar 'yar mutane ta kwana da laifinki a kanta? Gobe zan raka ki. Sai dai bakinki ne zai yi magana, ba nawa ba."

Da safe a ofis suka tarar da baban Khairat, Malam Jamiluddeen, ya rufe shagonsa ya zo. Khairat tana gefensa, idanunta sun kumbura.

Asibi ta matsa gaban Hedimasta.

"Sa, ba Khairat ba ce. Ni ce. Na murɗa abubuwan da ke cikin murfin."

"Wane murfi?" in ji Malama Roseline.

Asibi ta nuna. Malama ta durƙusa ta leƙa, sai ta dafa ƙirji. "Kai! Kwamfutar da muka koya da ita a Kaduna, nata a gefe suke."

Ta kunna kwamfutar. Ta murɗa na farko baya a hankali, tokar ta koma baƙi. Ta murɗa na biyu, sai ga haruffa suna fitowa farare tas.

"Mun gode Allah!" in ji Hedimasta, ya zauna daɓas a kujera.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Jamiluddeen. Ya shafa kan 'yarsa. Hedimasta ya tashi ya ba su haƙuri, shi da Khairat.

Asibi ta ji kamar an sauke mata buhun masara daga kai.

A aji, Malama ta ɗauki alli ta rubuta A a kan farin bango. "Na baya, kuna gani?"

"A'a, Malama!"

Ta sake rubutawa a kan allo. "Yanzu fa?"

"Muna gani!"

"Allin ɗaya ne. Ido yana ganin rubutu ne idan farin ya bambanta da baƙin. Masu ƙera kwamfuta har aunawa suke yi, su ga farin ya ninka baƙin sau nawa a haske. In ya ninka shi sau ɗari, rubutu ya fito fes. In sau biyu ne kawai, sai kun matse ido. Jiya an ƙara wa baƙin haske, an rage wa farin, suka zo daidai. Rubutun yana nan, ganinsa ne ba a yi."

Asibi ba ta tsira daga horo ba. Aka ce bayan tashi ta goge allon ajin da gawayi da ganyen dankali, har sai ya yi baƙi wuluk.

Tana cikin aikin sai ga Khairat a bakin ƙofa.

"Jiya ko abinci ban ci ba," in ji Khairat.

"Ni ma. Ki yafe mini, don Allah."

Khairat ta shigo ajin. Sannan ta ajiye jakarta. "Ba ki kai can sama ba. Miƙo gawayin, na fi ki tsawo."

Suka gama tare, hannayensu baƙi ƙirin, suna dariya.

Daga ranar, in Asibi ta ga abin da ba ta sani ba, tambaya take yi kafin ta taɓa. In kuma ta yi kuskure, nan take take faɗa, don ta gane ɓoye laifi ya fi laifin kansa cutarwa.